Daren da Na Rasa Baki a Kwatano

Kin taɓa tsayuwa riƙe da ɗanki, jikinsa kamar garwashi, ga likita kusa, ga kuɗi a jakarki, amma babu bakin yin bayani? Ni dai ya faru da ni, kuma ba na so ya faru da ke.

A Gwammaja nake aure, ina 'yar sana'ar atamfa da leshi a cikin gida, ina sarowa a Kantin Kwari. A 2018 maigida ya amince na bi ayarin wasu mata zuwa Kwatano ta ƙasar Benin, da rakiyar ƙanena, goye da autana mai lalurar sikila. Faransanci ko a jikina. Ai na sha zuwa biki Maraɗi, Hausa ce ta kai ni ta dawo da ni. A kasuwar Dantokpa ma wani Bahaushe muka samu yana yi mana tafinta.

Dare na biyu zazzaɓi ya rufe yaron, yana ta kukan ciwon ƙafa. Tafinta ya tafi gida, wayarsa a kashe. Muka garzaya wani asibiti, ma'aikaciyar jinya ta yi ta tambaya, ni kuwa sai nuni da hannu. Abu ɗaya nake so ta sani: wannan ba zazzaɓin bin layi ba ne. Na ce "sikila" ya fi sau goma, ita ma baiwar Allah ta rasa me nake nufi. Sai bayan kusan awa guda wani direba Bazabarme mai jin Hausa ya faɗa mata kalma ɗaya, "drépanocytose". Nan take aka shige da yaron, aka ɗaura masa ruwa. Kalma ɗaya tak, uwargida!

Da muka dawo na nufi maƙwabciyata 'yar Damagaram da ta yi lakwal, wato makarantar boko a bakin mutanen Nijar. Ta ce, "Yaya, ba aji za ki koma ba. Faɗa mini abin da in kin rasa shi za ki shiga uku, da shi za mu fara."

Haka muka jera su. Na farko lafiya: "Mon enfant est malade", ɗana ba shi da lafiya, da "C'est urgent", abin na gaggawa ne. Na biyu mabuɗin kowace buƙata: "J'ai besoin de", ina buƙatar, sai ki ɗora ruwa ko magani ko likita. Na uku "d'abord", wato tukuna, don a san wanda kika fi matsuwa da shi. Na huɗu ci da sha: "sans porc", ban da naman alade. Ciniki, wanda na zaci shi ne kan gaba, shi ya zo ƙarshe: "C'est combien?", nawa ne, da "C'est trop cher", ya yi tsada. Ƙirga ce ta fi ba ni wuya, don tamanin a wurinsu ashirin sau huɗu ce.

Kullum bayan La'asar jimla biyar, tana faɗa ina ɗauka a waya, in yi ta saurare ina girki. 'Ya'yana suka yi ta yi mini dariya, yanzu su ke yi mini bita.

Ki duba fa, Nijar da Benin da Chadi da Kamaru, duk ƙasashen da suka kewaye mu suna aiki da Faransanci. Ko Nijar da ta mai da Hausa harshen ƙasa a 2025 ta bar shi cikin harsunan aiki. Yau sari, gobe biki, jibi 'yarki ce aka kai aure can.

Har yanzu ba na iya doguwar hira da Faransanci. Amma takardar da na rubuta sunan ciwon ɗana tana jakata, kalmar kuma tana bakina. Kafin ki ɗaure kayan tafiya, zauna ki rubuta naki biyar ɗin. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.