Neman Ɗaki a Unguwar Kanawa

'Yan'uwa mata, wadda aka yi wa maigidanta canjin aiki zuwa Kaduna, to, ta sani garin baƙi ne tun da Gwamnati ta taso daga Zungeru a 1917. Unguwar Kanawa tana arewa da kogi, kan hanyar Kawo, kusa da tsohuwar makarantar hafsoshin soja da aka buɗe a 1964. Ɗaki ba ya daɗewa babu mai nema. Kuɗin shekara akan biya, ga la'adar dillali.

Kada ki yarda maigida ya biya ba ki gani ba. Shi fenti zai duba. Ke leƙa madafa, ki ƙirga matan da za ku haɗa murhu, kana ki ja maƙwabciya gefe ki tambaye ta ko rijiyar gidan tana kai bazara da ruwa.