Kafin Mu Karɓi Makullin Gida, Sai da Muka Biya Tsohon Bashi



Duk mai zaman haya a Keffi ya san yadda kuɗin gida ke hawa kowace shekara. Ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa na neman ɗaki, ma'aikatan Abuja kuma suna ta matsowa nan saboda sauƙi. Shi ya sa mu ma, mata da miji, muka shekara 6 muna tari, da adashe da ragowar albashi, don mu mallaki ko da ɗaki biyu ne a Tudun Ƙofa.

Kuɗi sun kusa cika, dillali ya nuna mana gida, sai maganar bashi ta taso. Ana bin ɗayanmu bashi kashi biyu tun 2021, lokacin da jari ya karye: ragowar rancen banki, da kuɗin kayan wani ɗan kasuwa da ya yi kawaici bai taɓa tuntuɓa ba. Ba za mu ce wane ne a cikinmu ba, domin aure sutura ne.

'Yan uwa da dama sun ce mu saya kawai. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, gida kuwa ba ya jiran mutum. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, amma abubuwa uku suka tsayar da mu.

Na farko, bashin banki ya daina ɓuya. Tun 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI. Idan ka sa hannu a kansa lokacin karɓar rance, ka kuma kasa biya, bankin na iya cire kuɗinsa daga asusunka na wani bankin ta lambar BVN, har da asusun haɗin gwiwa. Ke nan kuɗin gidan da muka haɗa wuri ɗaya suna iya raguwa dare ɗaya, bayan mun riga mun ba da kafin alƙalami.

Na biyu, ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashi zuwa asusun gidaje na NHF yana da damar neman rancen gida. Amma kafin a ba shi sai an duba tarihin bashinsa, kuma tsohon rancen da ba a biya ba yana nan a rubuce.

Na uku shi ya fi tsaya mana a rai. A shari'a, ana biyan bashin mamaci kafin a raba gado. In rai ya yi halinsa, gidan da muka saya wa yara shi za a sa a kasuwa. Kuma da wane ido za mu kalli ɗan kasuwan nan in ya ji muna walimar tarewa?

Sai muka zauna da biro da takarda, muka rubuta komai. Muka je banki aka fitar mana da ainihin abin da ya rage, muka biya, muka karɓi takardar shaida. Ɗan kasuwan kuma muka same shi da dattijo ɗaya, muka biya shi a kashi uku. Wancan gidan ya wuce mu, an sayar wa wani, kuma abin ya yi mana ciwo. Bayan wata 10 muka samu ƙarami, aka yi ciniki gaban mai unguwa da shaidu, aka rubuta abin da kowannenmu ya zuba. Yanzu muna bin takardar mallaka a NAGIS.

Shawararmu ga ma'aurata: kafin ku kira dillali, ku tambayi juna wa ke binku, cikin mutunci, ban da gori. Wanda ake bi ya faɗa duka, wanda ya ji ya rufa asiri.

Allah Ya biya wa kowa bashinsa, Ya ba marasa gida nasu. Amin.