Birnin Montreal, Inda Kowa Alƙalin Gola Ne

Birnin Montreal yana kan wani tsibiri ne a tsakiyar Kogin St. Lawrence, cikin lardin Kwibek na ƙasar Kanada. Daga watan Disamba zuwa Maris sanyi yakan rufe shi ruf, dusar ƙanƙara ta binne motocin da aka ajiye a bakin titi, har wani lokaci ma'aunin sanyi ya sauka digiri 20 ƙasa da sifiri. Saboda haka ne mutanen garin suka haƙa hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa masu tsawon sama da kilomita 30, waɗanda suka haɗa kantuna da ofisoshi da tashoshin jirgin ƙasa, yadda mutum zai iya wuni yana harkokinsa bai ga sararin sama ba. Galibin jama'ar da Faransanci suke magana, amma akwai masu Ingilishi da dama. Tun da can titin Saint-Laurent ne ake ɗauka iyaka, masu Faransanci daga gabas, masu Ingilishi daga yamma. Abu guda da ya daɗe yana tsallake wannan iyaka ba tare da neman izini ba shi ne wasan hoki na kan ƙanƙara.

Ga mai karatu wanda bai taɓa ganin wasan ba, a kan daɓen ƙanƙara ake yinsa, mai tsawon ƙafa 200 da faɗin ƙafa 85. Kowane ɓangare mutum 6 ne, suna sanye da takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, da su suke sulɓi. Maimakon ƙwallo, wani ɗan faifan roba ne baƙi mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, wanda ake daskarad da shi kafin wasa don kada ya yi ta tsalle. Da sanda mai lanƙwasa ake bugunsa, kuma ƙaƙƙarfan ɗan wasa yakan aika shi da gudun da ya kai kilomita 160 cikin sa'a guda. Ragar kuwa ƙarama ce, ƙafa 6 a faɗi, ƙafa 4 a tsaye. A bakinta ne gola ke tsayawa, shi kaɗai ne ba ya fita hutawa, alhali sauran suna musanya juna kusan kowane minti.

A wannan gari aka yi wasan hoki na farko mai tsari a cikin rufaffen ɗaki, ran 3 ga Maris 1875, a nan kuma aka kafa babbar ƙungiyar shirya gasa ta NHL cikin 1917. Kulob ɗin garin, watau Canadiens, an kafa shi a 1909, ya kuwa ɗauki Kofin Stanley sau 24, abin da babu wani kulob da ya kusanta. Baƙon da ya fito daga tashar Lucien-L'Allier zai tarad da filin wasansu na Bell Centre, mai ɗaukar mutum wajen 21,000. A harabarsa an kafa mutum-mutumin tagulla guda 4, na Howie Morenz da Maurice Richard da Jean Béliveau da Guy Lafleur. Dukansu maciya raga ne. Amma in baƙo ya shiga gidan shan kofi washegarin wasa ya kasa kunne, ba hirar maciya raga zai fi ji ba. Hirar gola zai ji, da hirar mutumin da ya ba da labarin wasan a talabijin.

Dalili kuwa, waɗannan ayyuka biyu su ne kowane ɗan kallo yake jin zai iya. Ba wanda ke zaune a kujera ya ce shi zai iya gudun da ɗan wasan gaba yake yi, amma kowa ya ga faifan nan ya wuce ta tsakanin ƙafafun gola sai ya rantse da shi ne da ya tare. Haka kuma kowa yana da baki, don haka kowa gwanin sharhi ne. Ayyukan biyu kuwa a ɗaure suke da juna, domin abin da mai sharhi ya faɗa cikin 'yan daƙiƙoƙin da suka biyo bayan ci, shi ne hukuncin da gari zai kwana da shi. In ya ce an tare wa gola gani, ko faifan ya goci sandar wani ya sauya hanya, to, gola ya kuɓuta. In kuwa ya ce wannan bugu ne da ya kamata a tare, to, sai a wayi gari masu bugo waya gidajen rediyo suna neman a sayar da shi.

Masu Faransanci har yanzu da René Lecavalier suke auna kowane mai sharhi. Shi ne ya ba da labarin wasan hoki na farko da aka nuna a talabijin a Kanada, ran 11 ga Oktoba 1952, ya kuwa ci gaba da shirin daren Asabar na gidan Radio-Canada har 1985. Sa'ad da ya soma, kusan duk kalmomin wasan na Ingilishi ne, ko da a bakin masu Faransanci. Sai ya zauna ya nemo musu suna cikin harshensa, yana maimaita su mako-mako cikin natsuwa, har yaran unguwa suka ɗauka. Duk wanda ya san yadda sharhin ƙwallon ƙafa da Hausa ya zauna daram a kunnen jama'a zai gane girman wannan aiki. Ga mutanen Kwibek kuwa abin ya wuce wasa, gama su tsiraru ne a nahiyar da Ingilishi ya mamaye, suna kuma ganin harshen da bai iya ba da labarin wasan daren Asabar ba, ya kama hanyar zama harshen tsofaffi.

Ta wajen masu Ingilishi akwai Danny Gallivan, wanda ya yi daga 1952 zuwa 1984. Shi halinsa dabam ne: ƙera kalmomi yake yi nan take. Ya taɓa ƙago wata daga sunan igwa don ya siffanta bugu mai ƙarfi. Ana ba da labari cewa wani malamin jami'a ya rubuto masa ya ce babu wannan kalma a ƙamus, shi kuwa ya mayar masa da amsa cewa ai yanzu akwai ta.

Ba kowane mai sharhi ne ya sami wannan ƙauna ba. Mutanen Montreal sun daɗe suna zargin cewa shirin Ingilishi na ƙasa baki ɗaya, da yake daga Toronto ake sarrafa shi, yana karkata ga kulob ɗin can, har marigayi Bob Cole, wanda sauran ƙasar ke girmamawa, bai tsira daga wannan zargi ba. Amma wanda ya fi shan tsana shi ne Don Cherry, mai riguna masu rambatsau, wanda ya shafe kusan shekara 40 yana sharhi a lokacin hutun wasa. A 2004 ya yi ba'a cewa Turawan Turai da masu Faransanci su ne suka fi sa gilashin kare ido, watau dai yana nufin ragwaye ne. A watan Nuwamba 2019 aka sallame shi saboda maganar da ya yi kan baƙin da suka ƙaura zuwa Kanada. Baki shi ke yanka wuya.

Tarihin gololin garin kuwa kusan duka tarihin wahala ne. Georges Vézina ya tsare ragar Canadiens tun daga 1910, ya yi wasa sama da 300 a jere bai fasa ko ɗaya ba, sai ran 28 ga Nuwamba 1925 ya yanke jiki ya faɗi a bakin raga. Ashe tarin fuka ne ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a watan Maris 1926, kuma kofin da ake ba gwarzon gola kowace shekara sunansa yake ɗauke da shi. Jacques Plante, wanda yakan saƙa hulunan ulu da hannunsa don ya kwantad da hankalinsa, shi ne ya kawo garkuwar fuska. Ran 1 ga Nuwamba 1959 a birnin New York, bugun Andy Bathgate ya fasa masa fuska. Da aka ɗinke shi sai ya ce ba zai koma ba sai da garkuwar da yake sawa wajen gwaji. Kocinsa Toe Blake ba ya so, amma a zamanin nan ba a tafiya da gola na biyu, dole ya haƙura. Akwai masu kallo da 'yan jarida da suka ɗauki abin tsoro ne. A yau ba golan da zai shiga fili da fuska a buɗe.

Ken Dryden ya zo a 1971, dogon ɗalibin lauya wanda in wasa ya koma ɗaya gefen sai ya dogara haɓarsa a kan sandarsa kamar makiyayi. Ya ci kofi 6 cikin shekaru 8 na wasa, duk da haka ba a rasa masu cewa ai kowa aka sa a bayan irin wannan kulob zai ci ba. A daren ƙarshe na 1975 suka yi 3 da 3 da kulob ɗin sojojin Rasha. Canadiens sun kai bugu 38, Rashawa 13 kacal, saboda haka Vladislav Tretiak, golan baƙi, shi ya kwashe tafin 'yan kallo, Dryden kuwa ya kwashe tambayoyi.

Amma labarin da ba ya tsufa a garin shi ne na Patrick Roy. Yana ɗan shekara 20 ya ciyo musu kofi a 1986, ya sake a 1993, shekarar da suka ci wasa 10 a jere cikin ƙarin lokaci, inda ci ɗaya tak ke raba gardama. Jama'a har waliyyi suke kiransa. Sai daren Asabar, 2 ga Disamba 1995, a tsohon filin Forum, kulob ɗin Detroit ya zo. Al'ada ita ce in gola ya ɗauki ci 4 ko 5, koci ya cire shi don ya rufa masa asiri. Sabon koci Mario Tremblay, wanda dama ba sa ga maciji da Roy, ya bar shi har aka zura masa 9 cikin bugu 26. Ana cikin haka ya tare wani bugu mai sauƙi, sai 'yan kallo suka ɓarke da tafin ba'a, shi kuma ya ɗaga hannuwansa sama ya mayar musu. Da aka cire shi, sai ya wuce kocin, ya je wurin shugaban kulob Ronald Corey da ke zaune a bayan benci, ya gaya masa ya gama wasa a Montreal. Duk ƙasar tana kallo a talabijin. An tashi 11 da 1. Bayan kwana 4 aka sayar da shi ga Colorado, kafin wata 7 kuwa ya ɗauki kofi da su.

An saba ɗora laifin wannan dare a kan Tremblay, kuma yana da kasonsa babba. Amma in za a yi adalci, tafin nan na ba'a ba koci ne ya yi shi ba. Mutanen da suka yi shi su ne waɗanda shekara 2 da rabi kafin nan suka cika titi suna kiran sunan Roy. Daga 1993 har zuwa 2025 Canadiens ba su sake ɗaga kofin ba, ba kuma wani kulob na Kanada da ya ɗaga.

Ba a ɗauki darasi ba. A 2010 gari ya rabu biyu tsakanin Jaroslav Halak da Carey Price. Halak, ɗan ƙasar Sulobakiya, ya fitad da Washington da Pittsburgh a wasannin neman kofi, har magoya baya suka riƙa yawo da allunan tsayad da mota an rubuta sunansa a kai. Da shugabanni suka sayar da shi ga St. Louis a watan Yuni suka riƙe Price, sai aka yi ca a kansu, aka kuma yi wa Price ihu tun a wasan gwaji na watan Satumba. Shi ne kuwa a 2015 ya ci wasa 44, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar baki ɗaya, ya kai su wasan ƙarshe a 2021, ya kuma tara nasara 361, fiye da Plante da Roy da Dryden, kafin ciwon gwiwa ya tsayad da shi a 2022. Masu goyon Halak dai har yanzu suna da abin faɗa: Price bai kawo kofi ba.

Abin da ke sa gardamar ba ta ƙarewa shi ne ƙanƙantar tazarar da ake faɗa a kai. Golan da ke tare bugu 92 cikin 100 gwani ne, wanda ke tare 89 kuwa aikinsa na rawa. Bugu 3 cikin 100, watau kamar ci ɗaya a kowane wasa, ido ba ya iya rarrabe shi daga sa'a ko sakacin masu tsaron baya cikin dare guda. Shi ya sa gidajen talabijin suka koma ɗaukar tsofaffin gololi su zauna kusa da mai ba da labari. A tashar RDS, inda Pierre Houde ya soma ba da labarin wasan Canadiens tun 1989, an haɗa shi da Marc Denis, tsohon gola, wanda kan nuna wa mai kallo inda gwiwa ta makara ko inda aka tare gani. Sai kuma aka sami sabon ƙorafi, wai gola ba ya ganin laifin gola. Dryden kansa ya taɓa zama a wannan kujera, shi ne mai sharhi a talabijin ɗin Amurka ranar da samarin Amurka suka ka da Rasha a wasannin Olimfik na 1980.

Tsohon Forum, wanda aka buɗe a 1924 aka rufe a watan Maris 1996, yana nan a mahaɗar titin Atwater da Sainte-Catherine, an mai da shi gidan silima da shaguna. A sabon filin kuwa, cikin lambobin da aka rataye a rufi don girmamawa akwai 1 ta Plante, da 29 ta Dryden, wanda ya rasu a watan Satumba 2025, da 33 ta Roy, wadda aka ɗaga a 2008 bayan an sasanta, jama'a suna tsaye suna tafi. A ƙarƙashin waɗannan lambobi ne kowane sabon yaro ke tsayawa. Ran 28 ga Disamba 2024 wani saurayi ɗan ƙasar Cek, Jakub Dobeš, ya yi wasansa na farko a Florida, ya hana masu riƙe da kofi cin ko ɗaya, aka tashi 4 da nema. Kafin ya dawo Montreal har an soma gardama a kan ko shi ya kamata a ba ragar.