Yini Guda A Ruwan Ɗumi Na Wikki

 A makon nan za mu ajiye zancen girki da ɗinki tukuna. Labarin wani wuri zan ba ku a Jihar Bauchi, inda ni da Malam muka yi yini guda cur a hutun makaranta na lokacin hunturu, ba tukunya, ba tsintsiya, ba wanki. Na san wata za ta ce, "Ashe matar aure ma tana hutu?" To, saboda wannan tambaya ce na ɗauki alƙalami.

Turawa suna da wata al'ada tun zamanin da. Inda duk suka sami ruwa mai amfani ga jiki yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa, sai su gina ɗakunan wanka da na tausa a gefensa, miji da mata su je su yini, su dawo gida garau. Akwai wani gari a ƙasar Beljiyam sunansa Spa, wanda ya yi suna a kan haka, har a ke kiran irin waɗannan gidaje da sunansa. Mu kuwa Allah ya ajiye mana namu a tsakiyar daji, ba da ginin kowa ba, watau ruwan ɗumi na Wikki a cikin gandun dajin Yankari.

Ga 'yan makaranta masu son tarihi, a shekarar 1956 aka keɓe dajin nan domin kiyaye namun daji, aka buɗe shi ga masu ziyara ran 1 ga Disamba, 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, sa'an nan a 2006 ya koma hannun Gwamnatin Jihar Bauchi. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri, faɗinsa kuwa ya haura murabba'in kilomita 2,200.

Daga garin Bauchi a kan bi hanyar Gombe har Dindima, daga nan a ratse kudu zuwa ƙauyen Mainamaji, inda ƙofar gandun ta ke. A nan a ke rubuta sunan baƙo, ya biya kuɗin shiga. Kada ki yi tsammani kun iso, domin daga ƙofa zuwa masauki akwai sauran tafiya ta kimanin kilomita 40, duk cikin daji, ba gona, ba ƙauye, sai marke da taura da ciyawa busasshiya iyakar ganinki. In an haɗa duka, tafiyar ta fi kilomita 100. Mu da la'asar muka isa, muka kama ɗaki cikin ɗakunan kwanan baƙi, don mu sami washegari tun daga asuba har magariba. Yaronmu kuwa yana can wurin kakarsa.

Waɗanda suka fara tarbarmu a masauki birai ne, irin manyan nan da a ke kira bika ko gwaggon biri, da mugun dawa suna kiwo a gindin itatuwa kamar awakin gida. Biran nan ba su da kunya ko ƙanƙani. In kika bar ƙofa ko taga a buɗe, ko kika fito da leda a hannu, to, kin yi musu kyauta ke nan. Ma'aikata sun ja mana kunne tun da fari, kada a ba su abinci, kada kuma a tsokane su. Muka kiyaye, muka zauna lafiya da su.

Da gari ya waye, bayan mun yi salla, muka nufi ruwa. Yana cikin kwari ne, a ƙarƙashin masauki, sai an bi matakala mai tsawo a gangara. Sanyin hunturu yana kaɗawa, ina ƙudundune cikin mayafi. Muna kaiwa ƙasa sai iska ta yanke, ga manyan itatuwa sun yi rumfa, ga wani jan dutse ya miƙe tsaye kamar katanga, ruwa kuwa yana fitowa daga ƙarƙashinsa shiru, ba ƙara, tururi yana tashi a hankali daga samansa. Gani ya kori ji! Ruwan garai-garai ya ke, har kina iya ƙirga 'yan yatsun ƙafarki a kan farin yashin da ke ƙasa. Tsawon wurin wankan ya kai mita 200, faɗinsa mita 10 da 'yan kai. A gindin dutse ne ya fi zurfi, kusan mita 2, watau ya shanye dogon namiji, amma in kika bi shi ƙasa sai ya riƙa raguwa har ya dawo iyakar ƙugu. An ƙiyasta lita miliyan 21 ke fitowa kowace rana, suna gangarawa kogin Gaji. Saboda haka ruwan da ya taɓa jikinki yanzu ya wuce ke nan, sabo ne ke zuwa.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ɗuminsa ba ya sākewa. Dare da rana, rani da damina, yana nan wajen digiri 31 a ma'aunin zafi. Jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne, don haka ruwan ba ya ƙuna, ɗumi ne irin wanda uwa ke surka wa jariri. Da sanyin safiya sai ki ji kamar an lulluɓe ki da bargo, da tsakar rana kuwa, sa'ad da zafi ya taso, sai ki ji shi da ɗan sanyi-sanyi, alhali ruwan bai canza ba, iskar waje ce ta canza.

'Yan mata 'yan makaranta, kada wani ya ce muku aljannu ke hura masa wuta. Ga yadda abin ya ke. Dutsen wurin nan dutsen yashi ne, yana shan ruwa kamar soso. In an yi ruwan sama sai ya tsotse, ya yi ta nutsawa ƙasa sannu a hankali. Cikin ƙasa kuwa, gwargwadon zurfi gwargwadon zafi, a kan sami ƙarin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita guda. Ruwan ya kan daɗe a can ya ɗauki ɗumi, in ya sami tsaga a jikin dutse sai ya ɓullo. Yashin da ya ratsa shi ya tace shi, kuma da ya ke can ƙasa ba hunturu ba bazara, shi ya sa ɗuminsa ke tsayawa wuri guda. Ikon Allah ke nan, ya kuma ba mu hankalin gane shi.

Na san abin da ke ran yawancinku, watau zancen kunya da sutura. Wannan ba shi da wuya. Ki zaɓi ranar aiki, ki guji Asabar da Lahadi da ranakun salla, lokacin da 'yan makaranta da sauran jama'a ke cika wurin. Ki sauka da sassafe. Mu sa'ad da muka je ba kowa sai wani dattijo da iyalinsa can nesa, muka gaisa, kowa ya kama gefensa. Ki sa dogon wando da riga mai kauri mai duhun launi, ki ɗaure kanki da ɗankwali. Zani bai dace ba, domin ya kan tashi sama cikin ruwa, ya kan kuma harɗe ƙafa. Ki ajiye babban mayafi kusa, wanda za ki yafa da zarar kin fito.

Malam ya iya ruwa tun yana yaro, ni kuwa iyakata inda ƙafata ke taɓa yashi. Ya riƙe hannuna har na sami wuri mai daidai ƙirji, na jingina da gefe, na saki jiki. 'Yan'uwa, jiki magayi! Sai a lokacin na san yawan gajiyar da na ke ɗauke da ita, ta tsayuwa gaban allo da sunkuyo gaban murhu. Dalili kuwa shi ne ruwa ya kan ɗauke wa mutum yawancin nauyinsa, baya da gwiwoyi su huta, ɗumi kuma ya sa jini ya gudana sosai, naman jiki ya saki. Muka yi kamar rabin sa'a, muka fito muka sha inuwa, muka ci dambun nama da lemo muna lura da birai, sa'an nan muka koma.

Amma fa babban abin da na samo a Wikki ba a cikin ruwan ya ke ba. Ku duba gidajenmu. Maigida ya fita tun da safe, ya dawo a gajiye. Uwargida tun asuba tana tsaye, shara, wanke-wanke, abincin rana, na dare. In an zauna magana, ba ta wuce kuɗin cefane, ko kuɗin makaranta, ko wane ba shi da lafiya. Sai a shekara goma a ɗaki guda, ba wanda ya san abin da ke ran ɗan'uwansa. Ba ƙiyayya ce ke kawo haka ba, rashin sarari ne. A bakin ruwan nan kuwa ba mai sallama a ƙofa, ba tuwo a kan wuta, dole baki ya buɗe.

Akwai ƙanwar Malam da ke zaune wurinmu, ta kusa gama ƙaramar sakandare, dangi kuwa sun fara zancen a tsayar da karatun haka nan. Watanni muna kewaye maganar, kullum a tsaitsaye. Muna zaune a inuwa, ƙafafunmu cikin ruwa, sai shi da kansa ya ce, "Malama, wai me kika gani game da yarinyar nan?"

Na ce, "Malam, tun da ka tambaye ni, yarinya tana da kai. Ni na ke duba littattafanta. In aka bar ta shekara uku nan gaba, ba ta rasa miji ba, ta kuma sami abin da ba mai ƙwace mata."

Ya yi shiru yana kallon ruwa, can ya ce, "To, in mun koma zan je in sami Baba da kaina." Ya kuwa je, yarinya tana nan za ta ci gaba. Maganar da ta gagara a gida wata da watanni, ga ta ta ƙare kafin tufafinmu su bushe.

In wani ya ce fita irin wannan baƙuwar al'ada ce, a tuna masa malamai sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a kan hanyar tafiya, har sau biyu. Wasa da raha tsakanin miji da mata ba su rage girman kowa.

Da la'asar muka shiga motar zagaya daji tare da ma'aikacin gandu, domin ba a yarda baƙo ya shiga shi kaɗai ba. Da rani namun daji su kan taru a fadamar kogin Gaji saboda ruwa, shi ya sa aka fi ganinsu daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. Mun ga garken ɓauna, da gwambaza, da gwanki daga nesa. Yankari tana cikin 'yan wuraren da giwaye suka rage a Nijeriya, amma ran nan ba su fito ba, sai sawunsu muka gani a laka, kowanne kamar faifai, da rassan da suka kakkarya. A masauki kuma akwai ɗan gidan tarihi, inda aka ajiye hauren giwa da fatu da tarkunan da aka ƙwace hannun mafarauta. Ya cancanci a kai yara su gani.

Ga 'yan shawarwari ga mai niyyar zuwa. Kada ki shiga da sabulu, wasu na wanka a ƙasa da ke, dabbobi kuma na sha. In ba ki iya ruwa ba, kada ki matsa gindin dutse, kada kuma ki ɗauke ido daga kan yaro ko na ƙiftawa. Ki riƙa fitowa kina hutawa, ki sha ruwa da yawa. Ki tafi da man kaɗanya ki shafa bayan wanka, don hunturu na busar da fata, da riga mai dogon hannu saboda ƙudan tsando a wajen zagaya daji. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya su tambayi likita tukuna. Kuma ruwan nan na hutawa ne, mai ciwo asibiti za ta nufa.

Zancen kuɗi kuwa, gaskiya ne tafiyar tana cin abin da ta ci, na mota da na ɗaki da na abinci. Amma mu da ke zuba adashi don atamfa da kwanuka, me zai hana a ware kwasa guda don wannan? Wadda kuma hanya ta yi mata nisa, ko hali bai kai ba, kada ta ce ba ta da rabo. A kai yara gidan kaka yini guda, a dafa abinci tun jiya, a ɗora ruwan ɗumi, a shimfiɗa tabarma a inuwa, a zauna a yi hira. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya, matar da ba ta huta ba kuwa, da me za ta ɗauki gida?

Ku karanta wa masu gidanku wannan shafi da dare, bayan sun ci tuwo sun ƙoshi. Wadda ta taɓa zuwa Wikki, ko ta san wani wuri irinsa kusa da garinsu, ta rubuto mana mu ƙaru. Allah ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, amin. Sai mako mai zuwa.