Mai Dokar Barci

Ni dai ba mashayi ba ne, na kuma san akasarin masu karanta wannan mujalla haka suke. Amma tarihin giyar nan da ake kira Port, ta ƙasar Fotugal, ya daɗe yana ba ni abin tunani game da algus da masu hana shi.

A shekarar 1703 Ingila da Fotugal suka ƙulla yarjejeniyar Methuen. Fotugal ta yarda a shigo mata da ulun Ingila, Ingila kuwa ta sa harajin giyar Fotugal ya gaza na giyar Faransa da sulusi. Sai fataken Ingila suka yi dafifi a birnin Porto, suna sayen giyar inabin kwarin Kogin Duro. Akan zuba mata barandi don kada ta lalace a teku, shi ne ya ba ta ƙarfi.

Da ciniki ya bunƙasa, sai kwaɗayi ya shigo. Aka riƙa gauraya ta da giyar banza, ana rina ta da ruwan 'ya'yan wani itace don ta yi duhu. Masu saye suka farga, farashi ya karye, mai algus da mai gaskiya duk suka kwana ciki.

A 1756 babban wazirin sarki, wanda daga baya aka san shi da Pombal, ya kafa kamfani mai ikon yanke farashi da duba inganci. Aka shata iyakar gonakin da aka amince da su, aka kafa duwatsu 335, aka kuma ba da umurnin tumɓuke itacen rinin. Sunan giyar ya farfaɗo.

To, amma ga inda gizo ke saƙar. Kamfanin ya kankane sayar da giya a cikin Porto, da mutanen gari suka yi bore a 1757 aka rataye wasunsu. Shi kuwa Pombal, gonarsa tana Oeiras kusa da Lisbon, nesa da iyakar da ya shata, amma kamfanin ya riƙa sayen giyarta. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi ke nan.

Abin da na tsinta a nan shi ne, kasuwar da ba doka algus ke cinye ta. Amma mu ɗalibai da gobe za a damƙa wa ma'auni, mu sani ba a tsoron mudu, sai hannun da ke riƙe da shi.