Ruwan da ke sauko mana daga tudu

Mafi yawanmu a wannan unguwa ba a Suleja aka binne cibiyarmu ba. Wasu iyayenmu ne suka zo daga Kano da Katsina da Sakkwato lokacin da ake ta haƙa harsashin Abuja, suka yi lebura, suka yi birkila, suka sayar da shayi a bakin kamfanoni. Wasu rusau ne ya koro mu daga cikin birnin tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasiru El-Rufai yake ministan Abuja, ko kuma hana acaɓa da aka yi a tsakiyar birnin a 2006. Na baya-bayan nan kuwa daga Zamfara da yammacin Katsina suka taho, gona ta ƙi, daji kuma ya fi ƙarfin mutum. Duk wanda ya iso a makare, abin da ya rage shi yake samu, abin da ya rage a Suleja kuwa shi ne kwari da bakin rafi da gindin dutse.

Ya kamata yaranmu su san tarihin garin da ya karɓe mu, domin yana cikin maganar. Sunan garin nan Abuja, tun da Sarki Abu Ja ya kafa shi a 1828, bayan sarakunan Haɓen Zazzau sun baro Zariya a zamanin jihadi. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala ta kafa dokar sabon babban birnin tarayya, aka yanki ƙasa mai yawa daga masarautar nan, har sunan ma aka ɗauka, garin ya koma Suleja da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ma'aikatan farko da suka gina birnin a nan suka zauna, unguwar Field Base shaida ce. Wato gari ya ba da ƙasarsa, ya ba da sunansa, ya ba da masauki, sannan daga baya aka turo masa duk wanda birnin ba ya son gani idan rana ta faɗi. Ku tsaya a kan hanyar Madalla da Zuba bayan sallar asuba ku ga motoci. Masu share ofisoshin Abuja, masu gadinta, direbobinta, masu yi mata guga, da yawansu a nan suke kwana, kuma a nan suke rashin lafiya.

To, ruwa ba ya tambayar asalin mutum, gangare kawai yake bi. Suleja gari ne na duwatsu da tuddai, ruwan sama ba ya samun wurin nutsewa kamar a jigawar Katsina. A da akwai daji da fadama da suke shanye shi a hankali. Yanzu an sare, an cike, an zuba siminti, kowane rufin kwano yana juye nasa kason a lungu, duka su haɗu su gangaro rafukan da ke zuba a kogin Iku cikin ɗan lokaci. Ga kuma abin da masana yanayi suka tabbatar: duk sanda zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, tana iya riƙe danshi kusan kashi bakwai cikin ɗari fiye da da. Shi ya sa ruwan da ya kamata ya zo a kwana uku yake zubowa a dare ɗaya. Dattawanmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun daɗe suna cewa damina ta canza hali.

Babu wanda ya manta da watan Yulin 2017, daren da ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye ana neman gawarwaki a Checheniya, gida guda ya rasa mata da yara a lokaci ɗaya. A Yulin 2020 aka sake, Rafin Sanyi na cikin unguwannin da abin ya fi shafa. A Afrilun 2024 ruwa da iska suka rushe katangar gidan yarin Suleja, fursunoni sama da ɗari suka fice. Wannan kam duniya ta ji, har manya suka zo dubawa da sassafe. Katangun gidajenmu na faɗuwa kowace damina, sai dai maƙwabta su zo da shebur. A ƙarshen Mayun 2025 kuma Mokwa ta nuna wa jihar Neja iyakar abin, mutane fiye da ɗari da hamsin cikin 'yan sa'o'i. Allah Ya jiƙansu, Ya sa sun huta.

Amma abin da ya fi cin rai a wurinmu ba ya zuwa a labarai, domin bayan ruwa ya janye yake farawa. Yawancin gidajenmu masai ne na rami, rijiya kuma tana 'yan taku kaɗan daga gare shi, saboda filin ƙafa hamsin aka yanka gida biyu ko uku. Idan ambaliya ta shigo, masai ya cika ya tumbatsa, abin da ke cikinsa ya bi ta ƙasa ya faɗa rijiya. Ruwan zai kwanta ya yi garau kamar ba komai. Bayan kwana biyu uku sai a fara jin wance 'yarta na gudawa, wane an kai shi ƙarin ruwa. A 2021 hukumar NCDC ta ƙidaya mutane sama da dubu ɗari da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da dubu uku da ɗari biyar suka rasu, jihar Neja ma ba ta tsira ba. Cuta ce da rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙananan cokali shida na sukari a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa kan riƙe ran mai ita kafin a isa asibiti. Iyaye mata, don Allah ku haddace wannan awon, kada a yi ta ka-ce-na-ce a kansa da tsakar dare. Sannan ga sauro. Kududdufin da ya kwana goma ya isa ya ƙyanƙyashe sabuwar runduna, shi ya sa daga Agusta zuwa Oktoba layin kemis ya fi layin mai ƙosai tsawo.

Da ruwan sha ma lissafin a karkace yake. Ana janyo ruwa ta bututu daga madatsar Gurara zuwa madatsar Usuma domin Abuja ta sha. Mu kuwa 'yan garuwa muke jira, su ma daga burtsatsen wani mai hali suke saye, idan babu wuta ya tayar da janareta, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma kuɗin jarka bai sake sauka ba. Mai famfo a gida yana biyan kuɗi kaɗan ya sha mai tsabta, mai ɗaki ɗaya yana biya da yawa ya sha abin da bai san asalinsa ba. Tsadar gas ta mayar da matanmu kan gawayi da itace, a ɗan lungun da babu taga, da goyo a baya. Tarin da yaron yake yi da dare daga nan ne. Gawayin kuma daga dazukan jihar nan ake ƙono shi, itatuwan da ya kamata su tare mana ruwa.

Mun sha jin ana cewa laifinmu ne, mu muka gina a hanyar ruwa, mu muke toshe kwata da ledar fiyawata. Leda kam tana toshe kwalbati, ba mai musu, kuma wanda yake jiran hadari ya haɗo don ya juye shararsa a magudana yana cutar maƙwabcinsa na ƙasa, ko wane ne shi. Amma a faɗa mana inda motar shara take tsayawa a unguwar nan. Filin bakin rafin ma ba kwace shi muka yi ba, sayar mana aka yi, da shaidu, wasu har da takarda mai hatimi. Idan sanarwa ta fito a rediyo cewa mazauna kwari su koma kan tudu, sai mu kalli juna. Tudun wa? Kuɗin fili a saman gari ya bi farashin Abuja tuntuni.

Kuma idan ana rabon laifi a kan ɗumamar duniya, sai a fara daga sama. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi huɗu cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya a shekara. Amurka da Turai sun fi shekara ɗari suna ƙona gawayin ƙasa da man fetur, Sin ta biyo baya. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Masar a 2022 aka amince a kafa asusun biyan asara ga ƙasashen da abin ya fi cutarwa. Madalla. A gida ma akwai asusun kula da muhalli tun 1981, akwai dokar lafiya ta 2014 da ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci, akwai dokar sauyin yanayi ta 2021. Takarda ba ta yi ƙaranci ba. Mu dai abin da muke gani shi ne ɗan asibitin sha-ka-tafi mai ma'aikaciya ɗaya da dare, tana karɓar haihuwa da fitilar waya a watan Maris, rufin kwano ya mai da ɗakin kamar tanda. Ba laifinta ba ne, baiwar Allah, ita ma a unguwa irin tamu take haya.

Wani ɓangaren matsalar ƙidaya ce. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Suleja mutum dubu ɗari biyu da 'yan kai, kuma ba a sake ƙidaya ba har yau. Duk wanda ya ratsa kasuwar IBB ranar Asabar ya san wannan lissafi ya tsufa. Da shi ake auna gadon asibiti da allurar rigakafi da gidan sauro. Mu da muka zo daga baya muna cikin layin asibiti, amma ba ma cikin lissafin da aka gina asibitin a kai.

Tsofaffin cikinmu suna yawan tuna duba-gari, mutumin da zai shigo gida da farin kaya ya leƙa randa, ya duba masai, ya ci tarar mai gida idan ya ga tsutsa a ruwa. Ana tsoronsa, ba a cika ƙaunarsa ba, amma yana zuwa kafin cuta ta zo. Irinsa muke so a dawo mana da shi, amma wannan karon ya zo da maganin zuba wa rijiya bayan ambaliya, kada ya zo da rasit kaɗai. Muna son a yashe babbar magudanar a watan Afrilu, kafin ruwan fari, a kuma faɗaɗa kwalbatin da kowa ya san shi ne yake mayar da ruwa cikin gidaje. Muna son sola a ɗan asibitinmu, ko don firjin allura da fanka ɗaya a ɗakin haihuwa. Mai unguwa ya ce zai kai takarda ga kansila, kuma a wannan karon za a haɗa da sunayen gidajen da ruwa ya shiga bara, gida-gida, da yawan yaran da suka kwanta bayansa. Wanda bai ba da nasa ba ya same shi a ƙofar masallaci bayan la'asar.