Dajin Kamuku: Inda Damina da Gobara Suka Raba Shekara

Duk wanda ya taso daga Kaduna ya nufi yamma, ya wuce Buruku da Udawa, zai ga ƙasa tana sauya kama a gabansa. Gonaki na raguwa, itatuwa na ƙaruwa, can kuma sai ya hango wani ƙaton dutse shi kaɗai kamar an kife ƙwarya. Bayan tafiyar kilomita 120 ko fiye kaɗan sai ga Birnin Gwari, kuma kusa da ita ne dajin Kamuku ya shimfiɗu, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,120. Tun 1936 hukumar En'e ta keɓe shi, a 1999 kuma gwamnatin tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa. Sunan na al'ummar Kamuku ne, waɗanda suka daɗe a yankin tare da Gwarawa.

Da yawanku in an ce daji sai ku tuna hoton kurmin kudu da ke littafin jogarafi, inda rana ba ta taɓa ƙasa. Kamuku ba haka yake ba. Mun je bakinsa a ƙarshen watan Maris, muka tarar da itatuwa tsaye da tazara tsakaninsu, rana na dukan ƙasa, toka kuma har idon sawu. Wannan shi ne abin da malamanku ke kira savannar Gini, kuma yanayi ne ya gina shi haka.

Iska biyu ke karɓa-karɓa a kan Nijeriya. Ɗaya tana tasowa daga tekun Atilantika da laima, ɗaya kuma daga Sahara da ƙura, wato hunturu. Ta teku tana zama a Birnin Gwari daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ta zubar da ruwan da ya haura milimita 1,000 a shekara, abin da Sakkwato ba ta samu. Ruwan ya isa ya raya itace, amma bai isa ya yi kurmi ba, domin sauran wata shidan kusan babu ruwa. Gambar da ta fi mutum tsawo da damina sai ta bushe ƙayau, mafarauci ko makiyayi ya ƙyasta ashana, gobara ta lashe.

Itacen da ya iya zama da wuta shi ne ya rage. Doka ita ce sarauniya a nan, sai baushe, taura, maje, kaɗanya da ƙirya. Ku taɓa jikin kaɗanya ku ji kaurin ɓawonta, sulke ne. Abin da ya fi burge mu shi ne doka: a tsakiyar zafin bazara, kafin a ga hadari ko ɗaya, ta riga ta fitar da sabon ganye jajawur, domin abin da ta tara a saiwarta tun daminar bara ya ishe ta. Ko gobara ta cinye ƙaramar doka, sai ta sake toho daga ƙasa. Gatari da garma ne ba ta san yadda za ta yi da su ba.

Duwatsun nan masu kama da ƙwarya, irin Goron Dutse da ke cikin gandun, suna cikin tsofaffin duwatsun Afirka. Ruwa da iska sun kwashe ƙasar da ke kewaye da su, suka bar su tsaye. A jijiyoyin irin waɗannan tsofaffin duwatsu ake samun zinariyar da ake haƙa a Birnin Gwari, arzikin da bai kawo wa yankin kwanciyar hankali ba.

Kogin Mariga ne iyaka tsakanin Kamuku da gandun Kwiyambana na Zamfara. Giwa ba ta san iyakar jiha ba, don haka ta saba ƙetarawa, ita da gwanki da gadu da birai. An ƙidaya tsuntsaye iri 177 a Kamuku, har da burtu. Mariga kuwa tana gangarawa ta faɗa kogin Kaduna, shi kuma ya faɗa Neja. Ganyen da ya zube a dajin yana rage ƙarfin ruwan sama, ruwan ya nutse a hankali ya ciyar da rafuka da rijiyoyi har cikin rani. In aka share itatuwan, ruwan zai gudu lokaci guda da ƙasar noma a bayansa.

Ba mu shiga ciki sosai ba, kuma kun san dalili. Faɗin da ya ɓoye gwanki shi ya ɓoye 'yan bindiga shekara da shekaru, ƙauyuka suka watse, ɗalibai suka daina zuwa ganin faɗuwar ruwa ta Dogon Ruwa. A ƙarshen 2024 gwamnatin Kaduna ta yi sulhu da wasunsu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, motoci suka dawo hanya. Mun yi murna da haka. Sai dai a cikin kayan da muka gani jibge a bakin titi akwai buhunan gawayi, kuma masu saye sun fi son na ƙirya saboda daɗewar garwashinsa. Ƙirya kan yi shekaru da dama kafin ta isa sara, buhun gawayinta kuwa da wuya ya kai wata guda a gidan da ake girki sau uku.